Mutumin da Ya Ɗaure Sandar Motarsa

Akwai wani mutum a wani gari, direba ne, yana kuma da wata 'yar jar mota wadda ba ya ɗaukar kowa a cikinta, gama ta tsere ce. A bayan garin akwai wani fili da masu aikin hanya suka bari bayan sun gama aikinsu, da kwalta mai zagaye, da tulin jar ƙasa a gefenta. Masu son mota suka share wurin, suka jera tsofaffin tayoyi a bakin hanya, ya zama filin tsere. In kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, sai a sa rana, gari duka ya fito kallo.

Mutumin nan ya iya tuƙi, wannan ba mai ƙwace masa. Amma yana da wani hali, bai yarda da kowa ba. In ka gaishe shi zai amsa, in ka ƙara da tambayar iyali sai ya fara tunanin abin da kake nema a wurinsa. In maƙwabci ya yaba rufin ɗakinsa, ranar sai ya zagaya gidan ya ga ko akwai inda ɓarawo zai iya haurowa. Kullum maganar bakinsa ita ce, ruwa ba ya tsami banza.

Yana kuwa da taubashi, ɗan kawunsa, wanda shi ma mai tsere ne, da farar mota. Kun dai san tsakanin taubasai, ba a haɗuwa a rabu ba a tsokani juna ba. Shi ɗan kawun ba ya kiransa da suna, sai dai "bawana", yadda ɗan namiji yakan kira ɗan mace. Shekara da shekaru farar mota ce take shiga gaba, ja tana biye. In an gama sai taubashin ya fito yana share gumi, ya ce a gaban jama'a, "Madalla, bawana, haka ake so bawa ya bi ubangidansa." Mutane su yi dariya, mutumin ma ya yi yaƙe, amma ta ciki na ciki. Ba abin da yake so a duniya kamar ya ga farar motar nan a cikin madubinsa ranar tsere, ko da sau ɗaya ne.

To, a ƙarƙashin mota akwai wata sandar ƙarfe mai lanƙwasa wadda take haɗa tayar hagu da ta dama, ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Aikinta shi ne, in mota ta shiga kwana da gudu tana neman kwantawa gefe guda, sandar ta riƙe ta. Irin ta masu tsere tana da huji uku a kowane baki. In aka ɗaura noti a hujin waje, sandar takan yi laushi, mota ta ɗan kwanta, amma tayoyinta su kama ƙasa. In aka ɗaura a hujin ciki, sai ta yi tauri, mota ta shiga kwana a miƙe ba ta rusuna ba. Sai dai in taurin ya yi yawa a baya, sandar takan ɗaga tayar da take cikin kwana, bayan motar ya zame, direba ya ga kansa yana kallon inda ya fito.

Wata shekara mutumin ya samo sabuwar sanda mai kauri, ya sa a bayan jar motarsa, ya ɗaura a hujin tsakiya. Da ya shiga fili gwaji, sai ya ji motar ta zama wata daban. Dā takan kwanta a kwana har kafaɗarsa ta bugi ƙofa, yanzu kuwa tana shiga tana fita a tsaye kyam. Zuciyarsa ta yi fari, ya ce a ransa bana ubangida zai sha ƙura.

Yana cikin zagayawa sai ya ga farar mota a bayansa. Ya rage gudu don ta wuce, ba ta wuce ba. Ya ƙara, ta ƙara. Haka suka yi ta zagaye, taubashin yana manne da shi, musamman a wata muguwar kwana da ake kira kwanar ɗorawa, inda kwalta ta yi gargada, ga kuma tulin jar ƙasa a waje. Mutumin ya ce a ransa, "Leƙen asiri yake yi. Ya ga na samu abin da zai kā da shi."

Da suka tsaya, taubashin ya fito yana dariya tun daga nesa. Ya ce, "Jama'a, ku zo ku ga motar bawana! In ta kai kwanar ɗorawa sai ta ɗaga ƙafar baya kamar kare ya ga gindin bishiya."

Wurin ya ɓarke da dariya. Mutumin ya shiga motarsa ya tafi gida.

Kashegari da hantsi sai ga taubashin ya yi sallama a ƙofar gida. Bai zo da dariya ba, bai kuma ce "bawana" ba. Ya zauna a bakin tabarma, suka gaisa, sa'an nan ya ce, "Ɗan gwaggo, jiya na yi wasa da maganar da ba ta wasa ba, ka yi haƙuri. Tayarka ta baya tana tashi daga ƙasa a kwanar ɗorawa, da idona na gani, har haske nake hangowa a ƙarƙashinta. Kai ba za ka gani ba, kana ciki. Sandar nan ta yi wa motarka tauri. Ka mai da ita hujin waje. In ka shiga kwanar nan da gudun tsere a haka, za ta juya da kai."

Mutumin ya ce, "Na ji. Na gode."

Amma da baƙon ya fita, sai ya zauna yana juya maganar. Tun suna yara taubashin nan bai taɓa zuwa masa da fuska a ɗaure ba, yau me ya kawo haka? Wanda ya saba kiranka bawa, in ya wayi gari yana kiranka ɗan gwaggo, ai da walakin, goro a miya. Kuma tun yaushe mai tsere yake koya wa abokin karawarsa yadda zai wuce shi? Da dariyar jiya da ladabin yau, duk ya haɗa su ya ga dabara ce guda. An gwada kunyata shi bai sassauta ba, shi ne aka zo da lallashi.

Duk da haka maganar ba ta bar shi ya huta ba. Sai ya nemi lokacin da ya san ba kowa a fili, ya mai da notin hujin waje, ya fita gwaji shi kaɗai. Motar ta shiga kwanar ɗorawa ta kwanta, kafaɗarsa ta taɓa ƙofa kamar dā. Tayoyinta huɗu suna ƙasa, ta bi gargadar nan lafiya, ta fita da sauri fiye da yadda ta taɓa yi. Amma wa zai gaya masa? Ya zaɓi lokacin da ba ido ko ɗaya a wurin. Abin da jikinsa ya ji kawai ya sani, jikinsa kuwa ya ji mota tana tangaɗi. Ya ce, "Ga shi nan. So yake ya mai da ni gidan jiya."

A hanyar komawa ya bi ta garejin da taubashin yake ajiye farar motarsa. Ya tarar an ɗaga ta a kan jak, mai ita ya tafi cin abinci. Ya duba hagu, ya duba dama, ya durƙusa kamar mai gyara takalmi, ya leƙa ƙarƙashinta. Me zai gani? Sandar baya ta farar mota tana ɗaure a hujin ciki, wurin da ya fi kowane tauri.

Ya miƙe cike da fushi, amma har da wani daɗi-daɗi a ciki, irin daɗin da mai zato yakan ji ran da ya ga kamar zatonsa ya tabbata. Biri ya yi kama da mutum! Ga wanda yake cewa a sassauta, tasa kuwa a ɗaure tam.

Da ya ƙara minti ɗaya a durƙushe, da ya ga sandar farar motar siririya ce, ba ta kai rabin kaurin tasa ba, har taurinta na hujin ciki bai kai laushin tasa na hujin waje ba. Da ya leƙa gaba, da ya ga yadda aka daidaita ta gaban da ta bayan. Amma bai zo neman yadda motar take ba, ya zo neman shaida ne, ya kuwa samu, sai ya tashi.

Da ya isa gida matarsa ta ga fuskarsa, ta tambaye shi. Ya kwashe duka ya gaya mata, yana jiran ta taya shi fushi. Ita kuwa ta ce, "Maigida, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. In ba ka yarda da shi ba, ka sa wani ya tsaya a kwanar ya duba maka tayar. Ko ni ka kai ni, ina da ido."

Ya ce, "Wa zan sa? Duk garin nan wa bai ci dariyarsa ba?" Sa'an nan ya dube ta ya ce, "Ke ma ya biyo ta wurinki ne?"

Matar ta ɗauki tukunyarta ta shiga madafa.

Ana gobe tsere, da la'asar, mutumin ya rufe ƙofar gida, ya shiga ƙarƙashin jar motar da sifana. Bai bar notin a hujin waje ba, bai kuma mai da shi na tsakiya inda yake dā ba. Ya kai shi hujin ciki, hagu da dama, ya ɗaure har sifanar ta yi masa shaida a tafin hannu. A ganinsa, in maƙiyi ya nuna maka gabas, to, yamma ce hanya.

Ranar tsere gari ya fito. Mata da yara suka hau tulin ƙasa na nesa, masu rake da masu gyaɗa suna zagayawa. Ana jera motoci sai taubashin ya zo ya sunkuya a tagar jar mota, ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada kowa ya ji.

Ya ce, "Ɗan gwaggo, ka sassauta?"

Mutumin ya dube shi ido cikin ido ya ce, "Na sassauta."

Fuskar taubashin ta washe. Ya bugi rufin motar da tafin hannu ya ce, "Yauwa! To, bawana, yau kam sai ka yi da gaske, a wuyanka zan kwana."

Aka kaɗa tuta, motoci suka tashi. Jar mota ta fita kamar an harba ta, ta shiga gaba. A kwanonin farko, inda kwalta take sumul, ta juya a tsaye, da kaifi, har jama'a suka yi ihu. Mutumin ya duba madubi, ga farar mota a ciki. Abin da ya yi shekaru yana roƙo ke nan. Ya yi dariya shi kaɗai a cikin mota, ya ce, "Da na bi taka, da yanzu ina baya."

Farar motar kuwa tana manne da shi, tsakaninsu bai fi tsawon mota ɗaya ba. Mai tsere ba ya matsar motar da yake tsoron za ta juya a gabansa, yakan ba ta fili. Amma taubashin ba ya tsoron kome, gama ɗan'uwansa ya ce masa ya sassauta.

Suka iso kwanar ɗorawa da gudun da ba su taɓa shiga da shi ba. Mutumin ya ɗaga ƙafa daga totur, ya karya sitiyari. Tayar baya ta tashi. Ɗayar ta hau gargada ta yi tsalle, da ta sauko ba ta kama kome ba. Kafin ya ƙifta ido bayan motar ya wuce gabanta, ta tsaya a gicciye a tsakiyar hanya, ƙofar direba tana fuskantar farar mota. Ya juya kai ya ga hancinta yana zuwa daidai haƙarƙarinsa, har fuskar taubashinsa ya gani ta gilashi.

Birki ba zai isa ba, taubashin ya san haka. Ya fizge sitiyari waje. Farar mota ta wuce ta gefen jar da ɗan kaɗan, ta watsa tsofaffin tayoyin bakin hanya, ta hau tulin jar ƙasa, ta wuntsila, ta kife.

Mutumin ya fito daga motarsa ko ƙwarzane babu. Aka taru aka ɗaga farar motar, aka jawo mai ita, ƙafarsa ta dama ta karye a wuri fiye da ɗaya. A asibiti likita ya ce zai yi tafiya in Allah ya yarda, amma da sanda, tuƙin tsere kuwa ya ƙare.

Mutumin ya yi ta zagaya ƙofar asibitin bai shiga ba. Har a lokacin halinsa bai sake shi ba, yana ta shirya amsar da zai bayar in an zarge shi, yana tunanin wa ya leƙa ƙarƙashin jar motar bayan haɗarin, wa kuma ya kai labari. Daga baya dai ya shiga, ya tsaya daga bakin gado kamar baƙo.

Taubashin ya buɗe ido ya gan shi, sai hawaye ya zubo masa. Ya miƙo hannu ya ce, "Ɗan gwaggo, ka gafarce ni. Ni na sa ka taɓa sandar nan ana gab da tsere. Na ɗauka na san abin da nake faɗa, ashe shawarata ce ta kusa kashe ka. Tun da na farfaɗo abin yake cina."

Duk amsoshin da mutumin ya shirya suka watse. Ya zo da garkuwa, ba wanda ya harbe shi. Ya durƙusa a gefen gadon, ya ce, "Ban sassauta ba. Ɗaure ta na yi, har hujin ciki. Na zaci so kake ka cuce ni."

Taubashin ya mai da ido kan rufi. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Can ya ce a hankali, "Da ka gaya mini, da na ba ka fili."

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan.

Motar ita ce rayuwar kowannenmu, sandar kuwa zuciya ce. Ba a ce a cire sandar a yar ba, motar da ba ta da ita ba ta da tsayawa, mutumin da kuma yake gaskata kowace magana kowace iska za ta kwashe shi. Allah bai hana mu lura ba. Amma akwai taurin da yake kama da ƙarfi alhali ba ƙarfi ba ne. Mai taurin zuciya yana jin kansa a tsaye kyam, ba ya rusuna wa kowa, yana kuwa jin daɗin haka muddin hanya sumul take. Ran da ya kai inda rayuwa ta yi gargada, ranar ciwo, ko rashi, ko jaraba, ranar ce za a ga ashe da ƙafa ɗaya yake tafiya.

Taubashin shi ne ɗan'uwan da Ubangiji ya sa a bayanka. Kai kana cikin mota, ba za ka taɓa ganin tayarka ba. Matarka tana gani, mijinki yana gani, dattijon ikilisiya yana gani, har wanda kuke takara da shi a kasuwa yana gani. Wani lokaci maganar takan zo a bakin da ba ka so, ko ta zo da dariyar da ta yi maka zafi. Wanda ya yi dariyar ya yi kuskure, ya kamata ya nemi gafara kamar yadda taubashin ya nema. Amma zafin dariya bai mai da tayar ƙasa ba.

Ku kuma lura da abin da mutumin ya yi a gareji. Ya ga huji, bai ga kauri ba. Haka muke yi in an yi mana gargaɗi, maimakon mu duba namu sai mu leƙa ƙarƙashin mai gargaɗin, mu ce, "Shi ma ai ga abin da yake yi." Ba ka san nauyin da Allah ya ɗora masa ba, ba ka san yadda aka ƙera shi ba. Zuciyar da ta riga ta yanke hukunci ba ta rasa shaida, ko'ina ta leƙa za ta samu.

Abin da ya fi ba ni tsoro a misalin nan shi ne wannan. Mun saba cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a kwanar ɗorawa ba haka aka yi ba. Mai zato ya fita lafiya, wanda ya yarda da shi ne ya karye. Zato ya haifi ƙarya, ƙaryar kuwa ta faɗa a kan mutum ɗaya tak a filin nan da ya ɗauki maganarsa gaskiya. Haka zunubinmu ya yi da Ubangiji Yesu, wanda ya ɗauki bugun da yake namu ne, mu da muka yi ta tuhumar ƙaunarsa. Haka kuma yake yi har yau da waɗanda suke ƙaunarmu, gama su ne suke binmu kusa.

Saboda haka kowa ya tambayi kansa kafin ya bar wurin nan. Akwai wanda ka ce wa, "Na daina," alhali ba ka daina ba? Akwai wadda kika ce wa, "Na gyara," alhali ƙara ɗaurewa kika yi? Mutumin nan ya gaskata ka. Ya saki jiki, yana biye da kai ba tare da tsoro ba, shi da 'ya'yansa da duk abin da yake da shi. In ba ka iya sassautawa yau ba, to, ko gaskiyar ka je ka gaya masa tun yana kan ƙafafunsa biyu.

Ubangiji ya ba mu zuciya mai jin magana. Amin.